Ibro Aloko: Fim ɗin barkwancin da ya kai jaruminsa kurkuku

Kafin waya ta mamaye hannun kowa, faifan Ibro na cikin hajar da ke barin Kano zuwa Nguru, Gashuwa da Dapchi, inda matasa ke cika gidajen kallo su sha dariya. Ibro, wato Rabilu Musa ɗan garin Ɗanlasan, tsohon gandiroba ne da ya ajiye kaki ya rungumi wasan barkwanci. Daga cikin finafinansa, babu wanda ya ja masa fitina kamar "Ibro Aloko".

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a. Amma a 2007 ne ta fito da haƙoranta, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, gari ya ɗau zafi. Gwamna Ibrahim Shekarau ya naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta. Aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka ɗaure Adam A. Zango kan faifansa "Bahaushiya".

A Oktoban 2008 layi ya zo kan Ibro. Kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata biyu, shi da abokin aikinsa Lawal Ƙaura, bisa zargin rawar rashin ɗa'a a "Ibro Aloko" da tafiyar da kamfani ba rajista. 'Yan fim suka ce ai tsohon fim ne, ya fito tun kafin zuwan Rabo. A majalisu kuwa, magana ta karkata kan waƙar "Mamar" da ke cikinsa, wadda yara suka mayar abin tsokana a titi, wasu kuma ke mata kallon habaici ga masu mulki. Wata biyu bayan haka aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗinsa "Tsintsiya".

Tun zamanin wawan sarki, Bahaushe ya bar wa mai ban dariya damar faɗin abin da wani ba zai iya ba. Shari'ar "Aloko" ta nuna cewa a zamanin lasisi da rajista wannan dama tana da iyaka. Rabo ya bar kujerar bayan canjin gwamnati a 2011. Ibro ya ci gaba da fim har rasuwarsa a Disambar 2014.