Malaman Awo da Gonar Kakanmu

Mu mutanen karkarar arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir da Dawakin Tofa, ba mu saba ajiye asalinmu a rubuce ba. Tambayi magidanci sunan kakan kakansa, ya yi ta lalube. Amma tambaye shi gonar da ke yamma da burtali, sai ya jero maka hannuwan da ta bi, wa ya gada, wa ya saya, wa ya ci bashi a kanta. Don haka mai neman tarihin gidansu a wajenmu, da gona zai fara. Gonakin nan kuwa an taɓa zana su.

Haraji ne ya kawo zanen. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka fito da malaman taki, masu auna gona da ƙafa, tsawo da faɗi, a yanka wa mai ita abin da zai biya. Awon ƙafa bai rasa gardama ba, daga baya En'e ta Kano ta sa ma'aikatan safiyo suka bi gundumomin da ke kewaye da birni suna zana gonaki ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta da sunan mai biyan kuɗinta. A shekarun 1960 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya gwada tsofaffin taswirorin da abin da ya tarar a ƙasa, ya ga yadda rabon gado ke ta tsattsaga gonaki.

Kwafin shafin ƙauyenmu da ya zo hannuna ya nuna gonar gandunmu doguwa guda, daga kuka har bakin rafi. Yau 'yan tsage-tsage ne, gamba ta raba tsakani. Kukar tana nan, burtalin ma bai gusa ba, da su na gane inda nake. Har kufan da muke noma gero a kai na gani an zana shi da gidaje.

Sai dai a gefen gabas sunan wani baƙo ne a kan gonar da kowa ya san tamu ce. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta warware mini. "Ɗan nan, jingina ce," in ji ta. "Shekarar da fara ta cinye hatsi kakanku ya ba da ita, sai da gyaɗa ta yi kuɗi ya fanso." Shi malamin awo, sunan wanda ya tarar yana noma ya rubuta, ba ruwansa da aro ko jingina. Abin da ya fi damuna shi ne mata. Shari'a ta ba su rabonsu, amma a shafin nan ban ga sunan ko ɗaya ba, domin ɗan'uwa ko miji ne ke biyan harajin. Wanda ya dogara da takardar kaɗai zai shafe rabin danginsa.

Shi ya sa nake ɗaukar taswirar in tafi gona da tsoho ko tsohuwa, mu taka iyaka tare, ina rubuta abin da suka ce a bayan takardar, sannan in je wurin mai unguwa a gwada da abin da ya sani. A yi hanzari kuma, musamman a ƙasar Ungogo, inda birni ya iso ana yanka gonaki fuloti-fuloti. In aka sare kuka aka toshe burtali da bulo, lambobin nan ba su da sauran abin da za a ɗora su a kai.