Zare: Lokacin da 'yan makaranta ke ƙera lasifika da zarto da gam

1/ Jama'a, akwatin sifikar nan da DJ ke jibgewa a wurin biki, wanda bes ɗinsa ke dukan ƙirji, rabin aikinsa na kafinta ne, ba na mai lantarki ba. An yi zamanin da yaran sakandare a Amurka ke ƙera irinsa a ajin kafinta su ɗauka su kai gida. Ku biyo ni. 🧵

2/ Mu fara da ajin kansa. A 1876 an yi babban baje koli a Filadalfiya, Rashawa suka kawo samfurin yadda makarantar fasaha ta Mosko ke koya wa ɗalibai aikin katako da ƙarfe daki-daki. Abin ya burge malaman Amurka. A 1880 Calvin Woodward ya buɗe makarantar aikin hannu a St. Louis. A 1917 dokar Smith-Hughes ta sa gwamnatin tarayya ta fara zuba kuɗi a koyar da sana'a.

3/ Kafin tsakiyar ƙarni na 20, ɗakin kafinta ya zama abu na yau da kullum a sakandare. Akasari maza ake turawa, mata a kai su ajin girki da ɗinki, kuma wannan rabon bai fara rushewa sosai ba sai bayan dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantu. Me suke ƙerawa? Kantar littattafai, ɗan tebur, gidan tsuntsu.

4/ To ina lasifika ta shigo? A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg na General Electric suka fitar da tsarin da har yau shi ke cikin wayarka: maganaɗisu, siririyar waya da aka naɗe, da takarda mai siffar mazurari. Wuta ta bi wayar, takardar ta yi gaba ta yi baya, ta tura iska. Sautin ke nan.

5/ Amma akwai matsala. Idan takardar ta turo iska gaba, a lokacin take zuƙe ta bayanta. Sauti mai kauri zangonsa dogo ne: mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ya kusa mita 7. Sai iskar gaba ta zagaya gefe ta cike gurbin baya, su kashe juna. Ku gwada: cire sifika daga akwatinta ka kunna waƙa. Murya za ta fito, bes kuwa ya yi ɓatan dabo.

6/ Aikin akwati shi ne raba gaba da baya. A 1930 Albert Thuras na Bell Labs ya nemi rajistar dabarar huda rami a jikin akwati, yadda iskar ciki za ta fito tana taimakon ta waje. Ramin da kuke gani a jikin wufa ke nan, ba ado ba ne. A 1946 Paul Klipsch ya fara sayar da tasa a garin Hope na jihar Arkansas, wata jibgegiya da sai an jingina ta a kusurwar ɗaki bango ya ƙarasa mata aiki. A lokacin, mai son bes sai ya nemi akwati kamar firiji.

7/ Sai Edgar Villchur. Mutumin nan tarihin zane-zane ya karanta. A soja ya koyi gyaran rediyo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya buɗe shagon gyara a New York, yana kuma koyar da darasin sauti da yamma a jami'ar NYU.

8/ Tunaninsa: abin da ke riƙe takardar sifika yana dawo da ita mazauninta kamar sifirin yake, kuma idan ta motsa da nisa ba ya dawo da ita daidai, sai sautin ya gurɓace. To a sassauta shi, a rufe akwati ruf, iskar da aka kulle a ciki ita ta zama sifirin. Abin mamakin, dabarar ƙaramin akwati take buƙata, don iskar ta matsu.

9/ Na gwajin farko da filawud ya haɗa shi a gida, matarsa ta ɗinka zoben da ke kewaye takardar da yadin katifa. Ya kai wa manyan kamfanonin sifika, suka ƙi. Wani ɗalibinsa, Henry Kloss, wanda dama yake ƙera akwatunan sifika a Cambridge ta Massachusetts, shi ya yarda. A 1954 suka kafa Acoustic Research, suka fitar da AR-1 a kan dala 185. Zuwa 1966 kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar sifika a Amurka nasu ne.

10/ Wannan ya sauya lissafin ɗan makaranta. Akwatin da zai zauna a kanta, falle ɗaya na filawud ya ishe shi. Ga faifan sitiriyo ya shigo kasuwa a 1958, yanzu biyu ake buƙata. Dala 185 sau biyu ba kuɗin yaro ba ne. Amma tsurar sifika ba akwati tana da araha a Radio Shack ko Lafayette, mujallu irin Popular Electronics na buga zane da awo, zarton inji kuma kyauta ne a makaranta.

11/ Gaskiya kar mu yi musu kwalliya, da yawansu ba daɗin ji. Ƙiyasi ake yi. A ɗauki kowace sifika a jefa a kowane akwati, sai ka ji tana bum-bum kamar ana dukan jarka, sauti ɗaya tal ko wace waƙa aka sa.

12/ Maganin daga Ostireliya ya zo. A 1961 injiniya Neville Thiele ya wallafa takarda da ta nuna ana iya lissafa sifika da akwatinta tare, kamar yadda ake lissafa da'irar lantarki. Shekara goma duniya ba ta kula ba, sai da aka sake buga ta a Amurka a 1971. Richard Small na Jami'ar Sidni ya ɗora a kai a 1972 da 1973.

13/ Lambobi uku ne ginshiƙi. Fs: saurin kaɗawar da sifikar ta fi so idan an bar ta sake. Vas: yawan litar iskar da taurinta ya yi daidai da na abin da ke riƙe takardar sifikar. Qts: yadda take tsayawa da wuri ko ta ci gaba da lilo. Ka san ukun nan, ka san lita nawa akwatinka zai ci da tsawon bututun ramin, tun kafin ka taɓa zarto.

14/ A ganina nan aikin ya fi kowane a ajin daraja. Tebur idan ƙafa ta karkace ka sa takarda a ƙasa ka wuce. Sifika ba ta rufa asiri. Ka kuskure lissafin tsawo sau faɗi sau zurfi, kunne zai ji. Yankanka bai miƙe ba, iska ta samu kafa ta riƙa fito. Bango ya yi siriri ba ka sa masa tokara ba, shi ma ya kama waƙarsa. Shi ya sa ake zaɓar filawud mai kauri ko allon garin katako da aka matse, a bar tsantsar katako mai kumbura da tsagewa.

15/ A 1977 littafin Vance Dickason kan tsara lasifika ya fito, a 1980 mujallar Speaker Builder. Ilimin ya iso hannun kowa daidai lokacin da ajin ya fara mutuwa. Bayan rahoton A Nation at Risk na 1983 hankali ya koma kan jarabawa da shiga jami'a. A shekarun 1990 makarantu da dama suka yi gwanjon injinan, aka mai da ɗakunan na kwamfuta.

16/ Mu ma mun ɗan taɓa. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya kawo darasin Intro Tech a ƙaramar sakandare, gwamnati ta sayo injinan kafinta da na ƙarfe daga ƙasashen gabashin Turai. A makarantu da yawa ba wuta, ba ɗakin da za a kafa su, ba malamin da ya iya su. Wasu a cikin akwatin da suka zo suka yi tsatsa, yara na zana zarto a littafi.

17/ Kafintocinmu kuwa har gobe suna ƙera wa DJ akwati, galibi da kwafar awon wani akwatin, ko da sifikar da za a sa ciki daban ce. Alhali lambobin nan uku kamfanoni da yawa na buga su a takardar sifika, manhajar WinISD kuma kyauta take yin lissafin.

18/ Wanda makarantarsu ke da ragowar injinan Intro Tech, ya ajiye mana hoto a ƙasa, da sunan gari da shekarar da ya gama. 👇