Tarihin Gyaran Robar Babur

Baburan farko jikin ƙarfe gare su, don haka in sun lanƙwashe sai a kai su wajen mai walda ya buga ya daidaita. A 1958 kamfanin Honda na Japan ya fito da Super Cub, wanda aka yi garkuwar ƙafarsa da roba mara nauyi. Irin wannan ƙira ce Hausawa suke kira roba-roba. Da baburan Sin suka cika kasuwa, sai sana'ar liƙin roba ta bunƙasa. Mai gyara yakan ɗora ƙarfe a garwashi har ya yi ja, ya narka bakin robar da ta tsage, ya ɗinke da siririyar waya, sannan ya goge ya fesa fenti. Wadda ta farfashe kuwa, sai a sayi sabuwa.