Yadda aka riƙa haɗa kwamfuta da intanet ta wayar salula a zamanin GSM, GPRS da EDGE

Kafin zuwan 3G da wayoyin shafa, wayar salula ta yi wa mutane da yawa aikin modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet. A Turai wannan hanya ce ta matafiya kawai, domin kusan kowane gida yana da layin tarho. A ƙasashen Sahel kuwa, inda wayar girke ba ta wuce ofisoshin gwamnati da wasu unguwannin manyan birane ba, ga mutane da dama ita ce hanya tilo ta shiga intanet ba tare da zuwa shagon intanet ba.

Zamanin biyan kuɗi da minti

An fara amfani da tsarin GSM a ƙasar Finland a 1991, kuma domin murya aka gina shi. Hanyar farko ta aika bayanai a kansa ita ce CSD. Kwamfuta takan umarci waya ta buga lambar kamfanin intanet kamar yadda ake kiran mutum, layin ya zauna a buɗe har sai an katse. Saurinsa kilobit 9.6 ne a daƙiƙa, alhali modem ɗin layin tarho na ƙarshen shekarun 1990 yana kaiwa kilobit 56. Da wannan sauri, hoto mai nauyin megabait ɗaya yakan ɗauki kusan minti 14 kafin ya sauka.

Kuɗin ma da minti ake lissafa shi, ko bayanai na tafiya ko ba sa tafiya. Shi ya sa masu dabara sukan rubuta wasiƙunsu tun kafin su haɗa, su aika, su sauke sababbi, su katse nan take.

GSM yana raba kowace tashar rediyo gida takwas, kowane kira ya ɗauki gida ɗaya. Daga baya aka fito da HSCSD, wanda ke haɗa wa mutum ɗaya gidaje har huɗu, sauri ya kai kilobit 57.6. Kamfanoni kaɗan ne suka rungume shi, saboda mutum ɗaya yakan cinye gurbin masu kira huɗu.

GPRS da EDGE

Babban sauyi ya zo da GPRS wajen shekarar 2000. Maimakon a ware wa mutum layi, ana yanka bayanai ƙanana-ƙanana, a tura su ta duk gidan da ba kowa a ciki. Kamfani ya samu damar sayar da intanet gwargwadon nauyin abin da aka sauke, mai waya kuma yana iya zama a haɗe tsawon yini. A takarda GPRS yana iya kaiwa kilobit 171, amma abin da aka saba samu bai cika wuce 30 zuwa 50 ba. Hoton nan na minti 14 ya koma minti uku ko huɗu.

EDGE, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 2003, ya ninka wannan sauri kusan sau uku a kan turakun da ake da su. Su ne haruffan G da E da ke fitowa a saman fuskar waya.

Wata matsala ita ce yawancin kamfanoni murya suke fifitawa. Da yamma, idan kira ya yi yawa a eriya, gidajen da suka rage wa bayanai sukan ragu, intanet ya yi ta jan ƙafa. Wannan ne ya sa ɗalibai da ƴan jarida suka saba aiki da tsakar dare.

Yadda ake haɗawa

Ana buƙatar waya mai modem a cikinta, da katin SIM da aka buɗe wa intanet, da hanyar sada wayar da kwamfuta. Hanyoyin uku ne. Akwai igiya, da farko mai shiga tsohuwar kafar kwamfuta, daga baya ta USB, kuma kusan kowane samfurin waya da irin tasa igiyar. Akwai infrared, hasken da ido ba ya gani, wanda ke buƙatar a ajiye waya da kwamfuta suna fuskantar juna cikin tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba. Ko littafi ya gitta tsakani, haɗin ya yanke. Sai Bluetooth, wanda wayoyi irin su Nokia 6310i suka zo da shi, ana iya barin waya a aljihu ko a rataye ta a taga inda rezo ya fi ƙarfi.

Bayan an girka manhajar wayar, kamar Nokia PC Suite, kwamfuta takan ɗauki wayar a matsayin modem. A wurin lambar kira sai a rubuta *99# ko *99***1#. Wannan ba lambar kowa ba ce, umarni ne ga waya ta buɗe GPRS. Abu na ƙarshe shi ne APN, sunan ƙofar da kowane kamfani ke shigar da masu layinsa intanet. Kuskuren harafi ɗaya a cikinsa ya isa ya hana komai tafiya, kuma da yawa daga masu gyaran waya a kasuwanni sun ci abinci da wannan saiti.

Daga tsakiyar shekarun 2000 sai ƙananan modem na USB masu cin katin SIM suka yawaita, irin su Huawei E220 na 2006. A ƙasashe masu amfani da Faransanci ana ce musu clé internet. Suna ɗauke da manhajarsu a ciki, don haka wahalar igiya da saiti ta ragu ƙwarai.

A yankinmu da kan iyakoki

GSM ya isa Gana a 1996, MTN ya shiga Kamaru a 2000, Najeriya ta fara a watan Agustan 2001, Orange kuma ya buɗe a Nijar a 2008. Kamfanin Celtel, wanda ya yi aiki a Nijar da Chadi da Najeriya, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. 3G ya makara: Japan ta fara shi a 2001, amma sai 2014 ya shiga Kamaru. Saboda haka GPRS da EDGE sun daɗe suna ɗauke da nauyin intanet a yankin.

Mazauna kan iyaka suna da tasu matsalar. Eriyar GSM tana iya kaiwa kilomita 35, kuma ba ruwanta da shingen kwastan. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ko tsakanin Kuseri da Njamena, waya tana iya kama rezon ƙasar maƙwabta ba tare da mai ita ya motsa ba, kuɗin intanet ya koma na baƙo, wanda ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba. Tsarin One Network da Celtel ya fara a 2006, ya kuma kai Nijar da Najeriya da Chadi a ƙarshen 2007, ya sauƙaƙa kuɗin kira tsakanin ƙasashen. Duk da haka fatake da direbobi sun ci gaba da riƙe katin SIM biyu ko uku, kowanne da nasa APN.

Abin da ya rage

Har yau a ƙauyuka da kan dogayen hanyoyi harafin E yana fitowa. Ya isa aika saƙon rubutu da duba wasiƙa, amma bai isa kallon bidiyo ba. Wanda zai haɗa kwamfuta da irin wannan rezo ya kamata ya dakatar da sabunta manhajoji, domin shi kaɗai yana iya cinye layin. Wanda ke kusa da iyaka kuma ya zaɓi kamfaninsa da hannu a saitin waya, ya kashe intanet na ƙetare, ya tabbatar APN ɗin da ke aiki na katin da ke cikin wayar ne.