Tsakanin Fareti da Talla: 'Yan Matan Hausawan Fatakwal da Ma'aunin Kunya

A makarantun sakandaren Amurka akwai 'yan mata masu rawa da kirari a gefen fili don zuga 'yan wasa. Maza ne suka fara wannan al'ada a Jami'ar Minnesota a 1898, ba ta koma hannun mata ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da samari suka tafi fagen daga. Tun daga nan aka yi rabon aiki: namiji ya yi wasa, mace ta yi ado ta yabe shi. Kwatankwacin wannan a Najeriya shi ne faretin wasannin gidaje na makarantu, da na Ranar Yara a 27 ga Mayu, da na Ranar 'Yancin Kai a 1 ga Oktoba, inda akan caɓa wa yarinya ado a matsayin sarauniyar gida, a sa ta gaban sahu.

Ga Hausawan Fatakwal, Anaca da Inugu, faretin ya zo da tambaya mai nauyi. Zamansu a can ya daɗe. Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa unguwannin Hausawa, waɗanda suka dawo bayansa kuma suka dawo da ɗari-ɗari. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofar boko, 'yar mahauci ko 'yar fatoman goro a unguwar Diobu ta Fatakwal ta sami kanta aji ɗaya da 'yan Ikwerre, Ijaw da Ibo, a makarantun da yawancinsu tushensu mishan ne. Malami na son ta ɗaga ƙafa da gajeren siket tana bin ganga, gida kuwa na son ta sunkuyar da kai.

An saba fassara ƙin faretin da iyaye suka yi da kunya ko addini. Bayanin bai cika ba. Yarinyar da aka hana fareti ita ce dai ake ɗora wa tiren ƙuli-ƙuli ko fura ta ratsa kasuwa da tashar mota, inda idon maza ya fi na filin makaranta yawa. Binciken Enid Schildkrout a Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa talla ita ce hannun matar da ke kulle, kuma da ribarta ake tara kayan ɗaki. Ashe fitar ba ita ce laifin ba. Abin dubawa shi ne wa ya aike ta, kuma wa zai amfana. Talla na kai ta ga aure, fareti kuwa na kai ta hannun baƙi. Ga al'ummar da ke zaman ci-rani na dindindin, mutuncin 'ya mace shi ne katangar unguwa.

Sai dai makarantar ma ba ta 'yantar da ita kamar yadda ake zato ba. Kyau da tsayi ake dubawa wajen zaɓen sarauniya, ba gudu ko ƙwaƙwalwa ba. Gida da makaranta sun saɓa kan tufafi, amma sun haɗu a kan cewa darajarta tana wurin mai kallo. Gaɗar dandali ce kaɗai ta bambanta, domin 'yan matan ne ke tsara waƙarsu, su tafa wa junansu, har su yi wa manya habaici.

Yau a Fatakwal, birnin da ƙungiyar ƙwallon mata ta Rivers Angels take, yarinya mai hijabi na iya shiga fareti da dogon wando. Wannan ya warware rigimar sutura. Ma'aunin da ya rage shi ne ko za a bar ta ta yi tseren da kanta, ta kuma kammala aji shida kafin a sa mata rana.