Raunin kai da tarihin awon lantarkin ƙwaƙwalwa

A cikin wannan ƴar takarda za mu bi sawun na'urar da ke zana motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke taƙaitawa EEG, domin mu nuna yadda aikinta ya sāke game da masu raunin kai.

Tun 1875 Richard Caton na Libaful ya gano wannan lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai. Amma ba a auna na ɗan Adam ba sai a 1924, lokacin da Hans Berger na garin Yena, ƙasar Jamus, ya gwada a kan wani saurayi ɗan shekara 17 da aka huda wa ƙoƙon kai wajen tiyata. Ya buga sakamakonsa a 1929, masana ba su gaskata shi ba sai da Adrian da Matthews suka tabbatar da shi a 1934.

A lokacin yaƙin duniya na biyu an yi amfani da na'urar wajen duba masu raunin kai. A 1941 Denis Williams, wanda ke duba sojojin Ingila, ya nuna cewa gwargwadon tsananin rauni, gwargwadon sanyin tafiyar zanen. Daga 1971, da sikana ta fara nuna inda jini ya taru cikin kai, sai aikin neman gurbin rauni ya koma hannunta.

Duk da haka EEG ba ta yi ritaya ba. A 1999 Paul Vespa da abokan aikinsa a Amurka suka bi majinyata 94 da awo ba yankewa, suka tarar kashi 22 cikin 100 na yin farfaɗiya, fiye da rabinsu kuma jiki ba ya ko motsi. Watau mutum na kwance cikin doguwar suma, ƙwaƙwalwarsa na ta bugawa, ido bai gani ba.

Wannan tarihi ya shafe mu. Makiyayin da ya faɗo daga raƙumi a Ingal lokacin bikin lasar gishiri, tsakaninsa da asibitin Agadas akwai kimanin kilomita 160, Yamai kuwa ta fi kilomita 800. Sikana ba ta tashi daga inda aka kafa ta, amma EEG ta yau na shiga jaka, zanenta kuma na iya tafiya ta intanet zuwa ga ƙwararren da zai karanta shi. A ganinmu, nan ne binciken masananmu ya kamata ya dosa.