Motar kara

Motar kara wani abin wasa ne da yara maza suke haɗawa da karan dawa, suna kwaikwayon siffar motocin da suke gani a hanya. Da irin wannan dabara ake yin jirgin sama, jirgin ruwa, kwalekwale, tabarau da kejin tsuntsu. An san wasan a ko'ina cikin ƙasar Hausa, daga Kano da Katsina har Maraɗi a Jamhuriyar Nijar.

Yanki da lokaci

Wasan ya fi ƙarfi a karkarar da ake noman dawa da gero, kamar ƙananan hukumomin Bichi, Dambatta, Makoɗa, Ghari (Kunci a da), Dawakin Tofa da Minjibir a arewacin jihar Kano. Wannan yanki yana da yawan jama'a, gonaki sun haɗe da juna, kuma ana noma su kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarin wannan tsarin noma na kewayen Kano tun a shekarun 1960.

Ana yin motar kara ne da kaka zuwa hunturu, bayan an girbe dawa a watannin Oktoba da Nuwamba. A lokacin kara ya bushe, aikin gona ya yi sauƙi, yara sun sami sarari.

Kayan aiki

Karan dawa yana ba da abubuwa biyu. Akwai ɓawon waje mai tauri da santsi, wanda ake tsagawa siri-siri ya zama tsinke. Akwai kuma totuwar ciki, mai laushi da rashin nauyi, wadda ake yankawa gunduwa-gunduwa. An fi son sille, wato saman kara, domin ya fi miƙewa kuma gaɓarsa ta fi tsawo. Karan gero ya fi siranta, shi ya sa ba a cika gina babbar mota da shi ba.

Sauran kayan su ne reza ko ƙaramar wuƙa, ƙaya, zare da kwali. Ana yanko taya daga sakaina, tsohon silifa ko marfin kwalba.

Yadda ake haɗawa

Ana fara auna totuwa biyu masu tsawo ɗaya a matsayin gindin mota, a haɗa su da gajeru a tsakani. Ba a sa ƙusa ko gam. Ana fiƙe bakin tsinken ɓawo a soka shi cikin totuwa, shi ke riƙe kowace mahaɗa. Daga nan a tayar da ginshiƙai, a jera tsinkaye su zama bodi, a fitar da gidan direba da ƙofa. A ƙarshe a zura gatari, a sa tayoyi, a ɗaura zare ko dogon kara na turawa. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, motar za ta karkace, don haka awo shi ne gwanintar aikin. Motocin da aka fi kwaikwaya su ne a-kori-kura, tirela da babbar mota mai bodin katako.

Jirgin ruwa na kara

Ana jera totuwa a tsire su da tsinke su zama ƙasan jirgi, a tanƙwara ɓawo ya fitar da baki mai tsini. Totuwa tana yawo a kan ruwa saboda rashin nauyinta, amma tana shan ruwa, don haka jirgin ba ya daɗewa a kududdufi kafin ya jiƙe ya saki.

Kwatanci da wasu ƙasashe

Yin ƙananan jirage tsohon abu ne. A shekarar 1920 an gano irinsu na katako a kabarin Meketre a Masar, waɗanda suka kai kimanin shekara 4,000. A yau manya a Turai da Amurka suna haɗa su a matsayin abin sha'awa. Kamfanoni irin su Billing Boats na Denmak da Amati na Italiya suna sayar da akwati mai ɗauke da yankakken katako, zare, ƙyalle da zanen jirgi. Ana bin ma'auni: a ma'aunin 1:50, jirgi mai tsawon mita 25 yana komawa santimita 50. Mai haɗawa yana kafa ƙashin bayan jirgin, ya jera haƙarƙari, sannan ya manna siraran katako ɗaya bayan ɗaya. Bambancin shi ne mai motar kara ba shi da zane ko yankakken kaya. Da ido yake ɗaukar siffa, shi ke yanka komai da kansa.

Halin da ake ciki

Kara ba abin banza ba ne a karkarar Kano. Da shi ake yin darni da gado, ana girki da shi, ganyensa kuma abincin dabbobi ne da rani. Manoma suna tattara shi su ajiye ko su sayar, saboda haka sau da yawa yaro sai ya roƙa ko ya tsinta. Kayan wasan roba da wayar hannu su ma sun rage wa wasan kasuwa. Tun da ba a rubuce ake koyonsa ba, ƙane ne ke kallon hannun wansa, idan tsara ɗaya ta bari, ta bayanta ba ta da wanda zai nuna mata.